Kafin a Sallamo Baba

Gobe da hantsi za a sallamo Baba.
Likita ya ja ni gefe, ya ce, "Venera,
huhun tsohon nan ya zama tsumma,
warin bilic kaɗai ya isa ya dawo mana da shi."
Na zo na kwashe kwalaben ƙarƙashin famfo,
har da masu alkawarin ƙamshin fure,
na sauke su ƙasa, na hawo hannu rabbana,
na tsaya ƙofar banɗaki kamar baƙuwa.

Ruwan Trapani ba ya wucewa salin-alin.
Inda duk ya ɗiga sai ya bar farin sawu.
Famfo ya yi furfura, shaya ta toshe,
huda uku kaɗai ke zubda ruwa,
baƙi-baƙi ya bi layin tayil
kamar jerin gwanon tururuwa.

Crocifissa ta saman bene ta ji ina ƙorafi.
Ta zuro kwando da igiya ta taga:
lemun tsami biyar, kwalbar ruwan khal,
garin soda na kwaɓin burodi a ƙunshin takarda.
"Gishiri kam ba zan ba 'yar Liborio ba," in ji ta,
"ubanki shekara arba'in yana kwasar sa a bakin teku.
Da tsohuwar zuma ake magani.
Amma ki kiyayi dutsen bakin taga,
marmara ba ta shiri da tsami."

Na raba lemo biyu, na dangwala a gishiri,
na murza wuyan famfo har ya nuna min fuskata,
doguwa, a karkace, abin dariya.
Na zuba khal a leda, na ɗaure wa shaya a baki
kamar takunkumi, na ce ta kwana tana sha.
Na dama soda da ruwa ya yi kaurin kunu,
na ɗauko tsohon burushin haƙorin Baba,
na durƙusa, layi bayan layi,
gwiwa na ƙara, kafaɗa na tsaki.
A magudana na zuba soda, na bi ta da khal,
suka kaure da faɗa, kumfa ta taso tana huci,
na kora musu ruwan zafi suka tafi tare.
Madubi kuwa jaridar makon jiya ta ishe shi,
shafin wasanni, wanda Baba bai karanta ba.

Waya ta yi ƙara, asibiti ne, batun takardu.
Na ajiye ɓarin lemo inda hannu ya kai.
Sai da asuba na tuna.
Ga shi kife a kan marmara,
ƙarƙashinsa zobe ya fito, fari, ya dusashe,
sabulu bai ɗauke ba, kuka ma bai ɗauke ba.

Baba ya hawo bene da hutu huɗu.
Ya tura ƙofar banɗaki da sandarsa,
ya tsaya. Ya ja numfashi.
Ni ina ƙirge: ɗaya, biyu, uku,
ina jiran tarin da bai zo ba.
Ya murɗa shaya, ruwa ya sauko ta kowace huda,
ya tara tafin hannu kamar yaro a ruwan farko.

Sannan idonsa ya faɗa kan zoben.
Na buɗe baki zan ba da haƙuri,
sai ya ture tukunyar fure da ke ɗaya kusurwar
wadda tun ina ƙarama ba a taɓa gusar da ita ba.
Ga wani zoben nan, tsoho, daidai girman nawa.
"Na uwarki ne," ya ce, "shekarar da muka tare.
Ita ma an gaya mata."

Ya mayar da tukunyar tsakiya,
ya bar su biyun a fili,
ya ce in miƙo masa tawul.